Daga yaron mota zuwa ɗan sahu, shekara 20 ina ɗaukar mutanen Kano

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan abin amma kullum in na dawo gida gajiya bata barina, abin da ya tunzura ni yau wani dattijo ne da na ɗauka daga Kwari, muna tsaye cikin goslo rana ta take sai ya fara faɗa, wai ku 'yan sahun nan ku kuka lalata garin nan, da za a kwashe ku gaba ɗaya da kowa ya huta. Nace Baba Allah ya huci zuciyarka, ban ƙara komai ba don sa'an mahaifina ne, amma wallahi maganar ta tsaya min a rai har na zo gida na kasa cin abinci. Shi yasa nace bari in faɗi abin da na gani da idona a titin garin nan, don ni mota ukun nan duk na ci abinci a cikinsu, hayis da acaɓa da adaidaita sahu.

Ni mutumin ƙasar Bichi ne. Na shigo Kano ci-rani a 2004 ina ɗan shekara 19 da niyyar in damina ta faɗi in koma gona, to har yau sai dai in je gaisuwa. Ɗan wan babana da muke kira Yaya yana jan hayis a layin Bata zuwa Rijiyar Lemo, shi ya ɗauke ni yaron mota. Da asuba muke fita, ina rataye a ƙofa ina Bata Bata Yankura, in mun juyo kuma Kurna Rijiyar Lemo saura mutum ɗaya, canji a tsakanin yatsuna, in fasinja yace akwai sauka in buga jikin mota Yaya ya taka birki. Mutum 18 muke zubawa a lodi ɗaya, hurhuɗu a kowace kujera, naira 20 ko 30 ta kai ka kasuwa. Mai dako da malamin makaranta da tsohuwa mai tallan daddawa duk a kujera ɗaya, a matsa Hajiya, a gyara Malam, haka ake tafiya.

Ba zan ce hayis ɗin nan daɗi gare ta ba. Yawancinsu tsofaffi ne 'yan Kwatano da suka gama aiki a wata ƙasa kafin su zo hannunmu, ƙofa da igiya ake ɗaure ta, kuma mota bata tashi sai ta cika, sai ka yi rabin awa a zaune cikin zafi ana jiran mutum biyu. Ba lokacin tashi ba lokacin isa. Sannan bakin titi kawai take bi, wanda gidansa ke can cikin lungu sai ya taka. Ta nan acaɓa ya cinye mu, shi yana kai ka har ƙofar gida kuma baya jiran kowa. Ina kallo fasinjojinmu suka dinga raguwa, injin Yaya ya buga a 2006 ya rasa kuɗin sauke wani, aka jingine motar a garejin wani bakanike a Ƙofar Ruwa har tayoyinta suka nutse a ƙasa. Babu wata sabuwar bas da ta ɗore ta maye gurbinsu, ɗaya bayan ɗaya suka dinga mutuwa a haka.

Sai na koma acaɓa kamar kowa. Wani Alhaji a unguwarmu ya saya min Jincheng roba-roba ina kawo masa balas kullum da daddare, mai yana naira 65 lita, kuma gaskiya an samu, a acaɓa na yi aure a 2008, a acaɓa na kama ɗaki a Kurna. A acaɓa kuma na karye a ƙafar hagu lokacin da wata mota ta buɗe ƙofa ban ankara ba, wata uku ina kwance gun mai ɗori a ƙauye, har yanzu in sanyi ya shigo sai ta tuna min. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Dala a shekarun nan ya san yawan samarin da babur ya kwantar. Mun san sana'ar akwai haɗari, hayaƙi kuma da yamma a Bata har idonka sai ya yi ja, amma me za mu yi, garin yana buƙatar mai ɗaukarsa mu kuma muna buƙatar abinci.

Lokacin adaidaita sahu ya riga ya shigo tun 2005 zamanin Malam Ibrahim Shekarau, sunan ma daga shirinsa na A Daidaita Sahu aka samo shi, kuma don mata aka kawo su saboda a daina ɗaukar mace a bayan babur, shi yasa ake sa musu labule. Mu 'yan acaɓa kallon motar mata muke masa, ko a mafarki ban taɓa kawowa wata rana shi zai riƙe garin gaba ɗaya ba.

Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 bama-bamai suka tashi a Kano, wanda yake garin nan ba sai an ba shi labari ba. Daga ranar komai ya canza mana, dokar hana fita, shingen bincike ko'ina, in ka zo shinge sai ka kashe mashin ka sauka kai da fasinja ka tura shi da hannu har ka wuce, magariba na yi kuma babur ya shige gida. Muka daure a haka shekara guda. Sai ranar 19 ga Janairu 2013 aka kai wa ayarin San Kano Alhaji Ado Bayero hari kusa da Masallacin Murtala, Allah ya kuɓutar da shi amma an rasa rayuka cikin mutanensa, kwana kaɗan bayan nan aka sanar a rediyo an hana acaɓa a cikin birni.

Ni ban taɓa musun dalilin ba, masu kashe mutane da babur suke zuwa, kowa ya sani, kuma rai ya fi sana'a. Abin da yake ci min rai har yau shi ne an cire abin da jama'a ke hawa ba a ajiye musu komai a gurbinsa ba. Washegarin dokar na fito bakin titin Katsina na tsaya, mutane ne kamar an taso daga idi, kowa a ƙafa, mata da goyo, yara da kayan makaranta, ga hayis ɗin da suka rage ba su fi a ƙirga ba mutane na kokawa a ƙofa. Ni kuma ga mata ga yara biyu ga kuɗin haya. Abokan sana'ata wasu suka koma ƙauye, wasu suka loda baburansu a tirela suka yi Legas da Abuja. Ni na mayar wa Alhaji mashin ɗinsa na tafi kasuwar Dawanau dako, buhun masara a ka da karyayyar ƙafa, wata huɗu ina yi, mai ɗakina ta sayar da gadonta na aure muka biya haya bata taɓa yi min gori ba, Allah ya saka mata da aljanna.

Da ƙyar da jingina takardar gonar gado na samu aka ba ni sahu biya sannu-sannu. Wanda bai shiga ba ba zai gane ba, abin da za ka saya hannu da hannu dubu 400 da wani abu sai a rubuta maka shi dubu 650, kullum ka kai balas, ranar da kake zazzaɓi balas, ranar da kabureta ta toshe ka wuni gun bakanike balas, ranar da aka yi maka rasuwa ma sai ka nemo ka cike, in ka tara bashi a zo a ɗauke mashin duk abin da ka zuba ya bi ruwa. Shekara ɗaya da rabi na yi kafin ya zama nawa. In kun ga ɗan sahu yana gudu yana kutse yana ɗora mutum biyu a gefensa, ban ce daidai ba ne, amma sau da yawa balas ne yake binsa a baya, sai ya fara tara na mai shi da na mai da na haraji kafin a zo kan na cefane.

A shekarun nan ne garin ya buɗe a gaban idona. Lokacin da nake yaron mota in ka wuce Rijiyar Lemo kaɗan gonaki za ka fara gani, yanzu tun daga Kurna har Mil Tara har ka doshi Dawanau gida ne manne da gida. Haka hanyar Gwarzo bayan Rijiyar Zaki zuwa Janguza, haka Mariri, haka Panshekara, haka Ɗorayi. Abin da ake ce wa birnin Kano yanzu ƙananan hukumomi 8 ne, kuma Ungogo da Kumbotso da muke wa kallon ƙauye da su ne suka fi shan sababbin gidaje. Haya ta yi tsada a ciki sai talaka ya dinga ja da baya, ni ma haka ta kore ni daga Kurna na sayi ɗan fili awon igiya can bayan Bachirawa na yi ɗaki biyu. Awon igiya kuwa kun san yadda yake, mai gona ne zai yanka da igiya ya sayar, ba a bar titi ba balle kwata, lungu iya wucewar kura. To amma abincin kowa yana nan inda yake tun da, Kwari, Singa, Sabon Gari, Wambai, Kurmi, kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa. Mutane suna kwana a bakin gari suna neman abinci a tsakiya, safe a shigo yamma a fita, kuma duk wannan lodin a kan keke mai ƙafa uku aka ɗora shi.

Ku lissafa da kanku, hayis ɗaya mutum 18, sahu in an bi doka mutum 3. Kenan aikin hayis ɗaya sai sahu 6 sun fito titi, babbar bas mai cin 50 kuwa sai kusan 17. Ta yaya titi ba zai cushe ba? An yi gadoji kam, ta Ƙofar Nasarawa, ta Kabuga, ta Dangi, doguwar nan ta Sabon Gari, ta Hotoro, kuma sun rage wahala a guraren ban hana ba, ni ma ina binsu ina jin daɗi. Amma gada mai mota ta fi yi wa amfani, wanda bai da ko keke har yanzu a gindinta yake tsaye yana ɗaga hannu. Maganar jirgin ƙasa na cikin gari kuwa shekaru muna jinta a rediyo, Allah ya nuna mana ranar da za mu hau.

Sau biyu muka yi yajin aiki babba, Fabrairun 2021 kan harajin naira 100 na kullum, sai Janairun 2022 kan kuɗin sabunta takarda. Na ajiye mashina kamar kowa don haƙƙinmu muke nema. Amma rana ta biyu da na fito na taka zuwa Kurna abin da na gani bai sa ni murna ba, tsoro ma ya ba ni, 'yan mata ɗalibai a bayan a-kori-kura kamar buhunan hatsi, wani tsoho zaune a bakin kwata da katin asibiti a hannu ya gaji da tafiya, shaguna a rufe don masu su ba su iso ba. Nace ashe babban gari irin Kano da igiya ɗaya yake rataye, mu ne igiyar, kuma mu ɗin ba wani tsari gare mu ba, kowa da mashin ɗinsa da bashinsa.

Abin da ba zan manta ba har in koma ga Allah ya faru ne a daminar 2022. A watan Yuli an sa doka sahu baya fita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda masu aikata laifi da shi. Wani dare cikin Agusta an sha ruwa kamar da bakin ƙwarya, wajen ƙarfe ɗaya naji ana buga min ƙofa, maƙwabcina ne da muka yi dako tare a Dawanau, muryarsa na rawa yace Malam taimaka min iyali ce, naƙuda tun magariba ungozoma tace abin ya fi ƙarfinta jini take zubarwa. Duk layinmu ba mai mota ko ɗaya. Mashina kuma baya kwana a gida da damina don lungun baya shiguwa, can bakin titi nake barinsa gun mai gadi ina biyansa. Na zura da gudu cikin taɓo ba takalmi, na tada mai gadi, na shigo da shi iya inda zai iya zuwa ya kafe, sai a tabarma muka ɗauko ta mu huɗu muna haska fitilar waya ruwa har gwiwa.

Mun hau kwalta ba mu yi nisa ba aka tare mu a shinge. Wani matashi a cikinsu ya zare makullin yace ban san doka ba? Nace ranka ya daɗe haihuwa ce duba ka gani, yace kowa haka yake cewa. Surukar matar tana kuka tana ɗana don girman Allah, mijin ya durƙusa a cikin ruwa. Sai da wani babba a cikinsu ya taso ya ɗaga labule ya haska, ya ce innalillahi, ya karɓi makullin ya miƙo min yace yi sauri, Allah ya raba lafiya. Ina yi wa bawan Allahn nan addu'a har yau. Shinge biyu muka ƙara tararwa, kowanne sai an yi bayani daga farko. Daga lokacin da aka buga min ƙofa zuwa lokacin da muka shiga asibitin Murtala awa biyu da rabi, tafiyar da in ba cunkoso bata fi minti 30 ba.

Aka yi mata aiki, ita Allah ya tashi kafaɗunta, jaririn namiji ne bai zo da rai ba. Ban ce wane ne ya jawo ba, kwanansa ne bai zo da shi ba, mun yarda da ƙaddara. Muka zauna a barandar asibiti ni da uban ba mai cewa komai har aka kira assalatu muka yi sallah, muka jira shida ta buga don kar a kama mu a hanya, sannan ya rungumo gawar a cikin zani ya zauna a baya na tuƙa mu gida. A hanya mutane sun fara fitowa suna ɗaga min hannu, Bata, Yankura, ina wuce su.

Bayan nan sai wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, fasinja ya hau yace zai yi tiransifa netwok ya ƙi, ku tsaya kuna kallon waya. Sai 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta wuce 1000. Dole muka ƙara kuɗi, fasinja na ganin mu ne azzalumai, mu kuma rabin abin da muka tara a gidan mai yake ƙarewa. Sabon sahu yanzu maganar miliyoyi ake. Akwai wata malamar makaranta mai zaman kanta da na shekara uku ina ɗauka kullum da safe, ranar nan ta ce min Malam daga gobe kar ka tsaya, na lissafa kuɗin mota ya cinye fiye da rabin albashina. Yanzu ina ganinta tana tafiya a gefen titi da jakarta tun shida da rabi, in da gurbi in tsaya ince Malama shigo, wani lokacin ta shiga wani lokacin kunya ta hana ta.

Kuma ba zan rufe laifinmu ba. A cikinmu akwai yaran da ko gemu bai fito musu ba an damƙa musu mashin, ba lasisi ba sanin hannu, kiɗa kamar gidan biki, tsayawa a tsakiyar titi, zagin na gaba. Akwai ɓata-garin da suke fakewa da sana'ar su ƙwace wayar mata, sun ja mana baƙin jini kuma mu suka fi cuta. Duk wanda aka kama a hukunta shi, ni zan fara nuna shi.

Abin da nake roƙo, kuma da bakin mai cin abinci da sahu nake faɗa, a kawo manyan bas na gaske a manyan hanyoyin nan, titin Katsina da na Zariya da na Gwarzo da na Haɗeja da na Maiduguri, masu tashi a kan lokaci ko sun cika ko ba su cika ba, da kuɗin da mai dako zai iya biya, da gurin gyara don kar su mutu irin mutuwar motar Yaya. An sha kawo bas a yi biki a ɗauki hoto, bayan ɗan lokaci ka neme su a titi ka rasa. Mu a bar mana cikin unguwa, mu kwaso mutane daga lungu mu kawo su bakin titi, aikin da ya dace da girman mashin ɗin kenan. Na san samuna zai ragu. Na yarda, don 'ya'yana ma fasinjoji ne, 'yata ta biyu sahu biyu take hawa kafin ta kai makaranta kuma ni nake biya. A ƙarshen Nuwamba 2022 an taɓa cewa an hana mu wasu manyan tituna, ba a je ko'ina ba aka janye saboda motocin da za su kwashi mutanen ba su wadata ba. A fara kawo abin hawan tukunna, sannan a ce mu matsa. A kuma shigo unguwannin awon igiya a fitar da ko titi ɗaya ne da mota zata iya shiga da daddare.

Babban ɗana shekararsa 16, tun bara yake bina in koya masa tuƙi wai ya dinga karɓata da yamma in huta da ƙafar nan. Ina ta ce masa karatu, yana cewa Baba kuɗin jarrabawar fa daga ina. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na kai shi filin makarantar firamare ta unguwarmu, na zauna a baya gurin fasinja na miƙa masa makullin, nace sai ka cika 18 ka yi lasisi zaka hau kwalta, yanzu kama kulochi a hankali.